Ruwan Bakin Ƙofa

Talata, 7 ga Oktoba, 2008

Bilyana ta shigo da wani siririn kwali a hammata, bakinta har kunne. Ina baranda ina gasa tattasai, hannuna duk baƙi. Ta buɗe shi a kan teburin cin abinci. Wai kwamfuta ce. Ko kaurin tiren da nake gasa banitsa, burodinmu mai cuku, ba ta kai ba. Na ce ina sauran, ina akwatin, ina igiyoyin? Ta ce, "Mama, iyakarta ke nan, tafi-da-gidanka ce." Sai ta ɗaga min ita da hannu ɗaya.

Gabana ya faɗi. Hannu ɗaya fa!

Alhamis, 9 ga Oktoba

Tsohuwar kwamfutarta ta tebur na nan a ɗakinta, an kashe ta. Ranar da aka kawo ta, Rumen mai shagon haɗa kwamfuta da surukinsa ne suka hau da ita hawa na huɗu suna nishi. Ni na saƙa mata farin mayafi, irin wanda na saƙa wa talabijin. Ban taɓa gaya wa kowa ba, amma saboda nauyinta nake sonta. Aikin Bilyana zanen gidaje ne, tana yi wa mutanen da ba ta taɓa gani ba, kuma muddin aikin na cikin wannan akwati, ita ma tana cikin wannan ɗaki. Ina jin ƙugin fankarsa daga kicin, hankalina a kwance.

Ɗana Plamen kuwa babu abin da ya riƙe shi. Ranar da zai tafi Valencia, can ƙasar waje, aikin gini, na cika butar tagullar uwata na zuba masa ruwa a gabansa a bakin ƙofa, yadda ake yi wa duk mai fita, don hanyarsa ta tafi sumul kamar ruwa. Ta kuwa tafi sumul. Har ya yi aure, har ya haifi 'ya, a hoto kawai na san ta. Tun ranar na tura butar can saman kabad, na ce ni da ita har abada.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Yau a wurin shan kofi na bakin kogi ta yi aikinta. Jiya a lambun gari. Ta dawo tana cewa, "Mama, yanzu ko'ina zan iya aiki!"

Ko'ina. Na kasa cin abinci.

Laraba, 29 ga Oktoba

Donka ta hawa na uku ta hawo shan kofi, ta tarar da Bilyana a kujera da abin a kan cinya. Ta ce, "Ke 'yar nan, sauke shi daga nan, kina so ki dafa 'ya'yan da ba ki haifa ba?" Bilyana ta yi dariya har da hawaye. Bayan ta fita Donka ta rage murya: "Nevena, nawa ɗan ma da jaka ɗaya ya fara. Sa ido." Wai ni za a ce wa sa ido. Idona ya taɓa sauka ne?

Daga ƙasa har sama ginin nan, tsofaffi ne kawai da hotuna a bango. Bilyana ce kaɗai ke hawan matakala da gudu.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Na biya shagon Rumen, wai don in tambayi lafiyar uwarsa. Akwatunan tebur jibge a ƙasa sun yi ƙura, tafi-da-gidanka ce jere a taga. Ya ce, "Gwaggo Nevena, mutane sun daina son abin da zai ɗaure su a kujera. Ɗalibai, likitoci, har limamin coci, kowa so yake ya rataya aikinsa a kafaɗa." Na ce to ai kowa zai watse ke nan. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ai sun riga sun watse, Gwaggo."

Da ma ban je ba.

Juma'a, 14 ga Nuwamba

Na yi abin kunya yau.

Bilyana ta fita sayen burodi, ta bar abin a kunne a kan tebur, wai yana haɗa wani babban zane da za ta tura kafin yamma. Ta bar ƙofar baranda a buɗe, tagar kicin ma a buɗe, iska na ratsawa ta tsakiya. Kowa ya san abin da wannan iskar ke yi. Ita ta karkace wa mijin Donka baki, ita ta kwantar da nawa mijin. Na rufe ƙofofin. Na taɓa gefen abin na ji sanyi ƙalau, siriri haka, ba ko riga. Na shimfiɗa masa bargon ulu a ƙasa, na lulluɓe shi da sauran, na ɗora mayafin saƙa a sama don ya yi kyan gani.

Da ta dawo ya mutu. Zafi kamar dutsen guga.

Ihun da ta yi, Donka ta ji daga ƙasa. "Mama! Ta ƙasa yake numfashi! Kin toshe masa hanci!" Na ce sanyi na ji masa. Ta zuba min ido, ta ce, "Da gangan kika yi. Kin tsane shi tun ranar farko."

Ba da gangan ba ne, Allah ya sani. Amma lokacin da ya ƙi tashi, wani abu a ƙirjina ya yi sanyi. Wannan ne ya fi ba ni tsoro.

Bayan ya huce ya tashi abinsa. Zanen ne sai da ta sake daga farko.

Lahadi, 16 ga Nuwamba

Ba ta yi min magana. Na yi banitsa, ta ci tana tsaye.

Na je coci na kunna kyandir, na rasa me zan roƙa.

Litinin, 1 ga Disamba

Ta faɗa min. Muna wanke kwanoni, ba ta ko juyo ba. Za ta Valencia. Plamen ya samo mata ɗaki kusa da su. "Gwadawa zan yi, Mama. Aikina na cikin jaka, ba abin da zan rasa." Na ce ni fa, a wace jaka nake? Ta ce in zo mu tafi tare. Na ce ni da jirgin sama? Ni da ko na'urar hawa bene ba na shiga? Wa zai kula da kabarin babanki, wa zai ci kwalaben miyar tattasan da na cika kabad da su?

Ta ce, "Kullum da abin da ya fi ki nauyi a gidan nan."

Na wanke tukunya ɗaya sau biyu.

Juma'a, 5 ga Disamba

Ba zan zuba mata ruwa ba. Na gaya wa Donka. Ta ce, "Kin haukace? Ki bar yarinya ta fita a busasshiyar ƙofa?" Na ce wanda na zuba wa ina yake?

Lahadi, 7 ga Disamba

Da safe tasi ta zo. Akwatin kaya ɗaya, da jakar abin nan a kafaɗa. Na tsaya a kicin na ba ta baya, ina goge teburin da ba shi da datti. Na ji ta buɗe ƙofa. Na jira ƙarar takalmanta a matakala.

Shiru.

Na leƙa. Tana tsaye, ƙafafunta a cikin gida, ba ta ƙetare ba. Mai tasi na ta danna oda a ƙasa. Yarinyar da ke yi min dariya kan iska da mayafi da kyandir, ita ce ta ce da ƙaramar murya, "Mama, ba za ki zuba ba?"

Na ce na manta inda butar take.

"Tana saman kabad, bayan tukunyar wake. Zan jira."

Na gane da gaske za ta jira, har jirgin ya tashi ya bar ta. Abin da nake roƙo ke nan tun Oktoba, ga shi a hannuna. Sai wani tsoron ya zo ya danne na farko: in ta zauna saboda ni, da wane ido zan dube ta gobe? In kuma ta gaji ta fita a busasshe, wani abu ya same ta a hanya fa?

Na hau kujera, na sauko da butar. Na ɗauraye ƙurar, na cika. Ta ɗaga jakar sama ta rungume, ta ce, "A hankali fa, kar ki kashe shi karo na biyu." Na ce rufe min baki, mara kunya. Na zuba. Ruwan ya bi matakala har ƙofar Donka. Ta taka shi ta sauka, a hankali, ba da gudu ba.

Laraba, 10 ga Disamba

Ta isa lafiya. Gidan shiru, ko ƙugin fanka babu.

Litinin, 29 ga Disamba

Rumen ya zo ya tayar da tsohuwar ta tebur, Bilyana ce ta sa shi. Ya ɗora mata wani ɗan ido a sama, wai kyamara, ya cire mayafina ya miƙo min. "Gwaggo, wannan ki ba talabijin." Labari ya riga ya kai masa, Donka ba ta riƙe komai. Ya ce ya karanta cewa bana, karo na farko, tafi-da-gidanka ta fi ta tebur fita a kasuwannin duniya. Na ce ni ba sai jarida ta gaya min ba.

A gilashin kwamfutar na ga jikata, 'yar Plamen, tana motsi. Tana da goshin kakanta. Ta miƙo wa gilashin ɓawon lemo wai in ci. Bilyana ta ɗauki abin nata ta zagaya da ni ɗakinta, da baranda, har ta nuna min teku daga nesa. Ni kuwa ina daskare a kujera ɗaya, igiya ta hana ni ko juya kwamfutar in nuna musu dusar ƙanƙarar da ke taga.

Da Rumen zai tafi na tambaye shi, tafi-da-gidanka mafi ƙanƙanta a shagonsa, mace mai ciwon kafaɗa za ta iya ɗaukarta? Tambaya kawai na yi.

Butar ban mayar da ita sama ba. Ɗazu na ce wa Donka, in wata rana ta ga mutum da jaka a bakin ƙofar nan, ta san yadda ake zubawa ko? Ta ce wa kuma ya rage da zai tafi? Na ce ke dai amsa min.