Ciyawar Cikin Gilashi

Litinin, 2 ga Satumba, 2024
Yaron ya tafi yau. Ko a takarda hannuna ba ya yarda ya rubuta sunansa, ɗan fari ne, ko da yake shi ya zaunar da ni ya koya mini baƙaƙen nan da furfurata. Ya samu aiki a wata gonar kifi a ƙasar Benin, wajen Malanbil. Ya ce gwaji ne, bayan damina zai dawo.

Ya bar mini akwatin gilashinsa a ɗakinsa. Ruwa, da baƙar ƙasa gudaji-gudaji kamar gero, wadda ya sa aka kawo masa daga Legas, da ciyayin ruwa masu dogon kara, da jajayen jatan lande da ba su kai ƙwayar shinkafa biyu ba. "Inna, ruwan sama kaɗai, kada ki sa na rijiya." Na ce to. A raina na ce, muddin abin nan na raye, dole ya dawo ya gan shi.

Alhamis, 5 ga Satumba
Bai kira ba. Na kunna musu fitila, na zauna bakin gadonsa har azahar.

Lahadi, 8 ga Satumba
Ciyayi sun tuge suna yawo a saman ruwa. Na sa hannu na danna su cikin ƙasa, na cire hannu suka biyo ni. Ni da na tashi a Kaoje ina dashen shinkafa tun ban san ɗaura zane ba, yau ciyawa ta gagare ni.

Ummu Salma maƙwabciyata ta leƙo. "Mairama, waɗanga in aka soya su ko cokali ba su cikawa. Kin zan makiyayiyar ƙwari ke nan?" Na yi dariya don kada ta ga idona.

Talata, 17 ga Satumba
Da tone-tonen da na yi, ruwan ya dame, ko jatan landen ba na gani. Sai na yi abin da muke yi wa ruwan kogi, na daka alif kaɗan na zuba. Kafin la'asar ya kwanta garau. Har na ji daɗin kaina.

Laraba, 18 ga Satumba
Sun mutu da yawa. Sun kwanta a gefe, jan jikinsu ya koɗe. Na kwashe su da ludayi. Na rage ruwan, na ƙara na sama da na tara a randa.

Abinci bai shiga ba. Na san ba shi da haɗi, na sani. Amma duk wanda na ɗebo sai in ga kamar wani abu ya samu yaron can a bakin ruwa. Na kira, wata mata a cikin wayar tana ta Faransanci.

Jumma'a, 20 ga Satumba
Ya kira! Lafiyarsa ƙalau, ya ce sabis ne babu. Na faɗa masa zancen alif. Sai ya ce, "Ba komai, Inna." Na so ya yi faɗa. Da ya yi faɗa, da na san ransa na nan.

Ya ce akwai dogon hantsaki a bayan gilashin, da shi ake dasawa.

Asabar, 28 ga Satumba
Na gane kan abin. A tsinke ganyen ƙasa, a kama kara da hantsaki, a soka shi a karkace, a saki a hankali. Sun zauna. 'Yan jatan landen da suka rage suna hawa ganye suna tsince-tsince kamar mata a masussuka.

Laraba, 9 ga Oktoba
Sun riƙe shi a aikin. Har ɗaki sun ba shi. Muryarsa cike da murna, na yi masa addu'a kamar yadda ya kamata. Na ce yaushe za ka zo? Ya ce sai dai a ga salla. Sai kuma ya ce, "Gilashin nan ya wahalshe ki. Zan turo Ma'azu abokina ya ɗauka."



Jumma'a, 11 ga Oktoba
Ma'azu ya zo da babur ɗinsa. Na ce ya dawo wata rana, kaina na ciwo.

Lahadi, 20 ga Oktoba
Ciyayin sun kai saman ruwa sun tanƙwara, sun tare wa na ƙasa haske. Ban tambayi kowa ba, na sa almakashi na datse kawunansu, na dasa su a gaba, jeri-jeri yadda nake so. A ƙarƙashin wani ganye na ga 'ya'yan jatan lande, ƙanana kamar tsinin allura.

Ma'azu ya dawo. Na ƙulla masa ragowar karan a leda da ɗan ruwa, na ce ya fara da waɗannan. Ya ce, "Inna, gilashin fa?" Na ce tunda ya zo, ya kama mini mu rage ruwan mu mayar da shi ɗakina, haske ya fi shiga ta tagata. Don haske ne kawai.

Na share ɗakin yaron, na naɗe katifar. Ummu Salma ta ce ga wuri na zaune banza, ko za ta ajiye buhunan shinkafarta a ciki in an yi girbi?

Ban ce a'a ba.