Tayar Hagu ta Kunama

Nguru, daren Asabar

Ni Injiniya Habu mai walda, da hannuna nake rubuta wannan.

Yau mun je Gashuwa da Kunama, wato na'urar faɗan da muka ƙera da injin waifar mota da ƙarfen garma. Ta kara da ta makanikan garin, kuma an kayar da mu. Dalili shi ne, tun ranar da na haɗa ta take karkata hagu, kuma abokin aikina Modu kaɗai ya san yadda ake danne rimot dama kaɗan ta miƙe. Shi kuwa ya tafi Kano neman aiki tun bayan Sallah. Yaron shagona Bukar ne ya riƙe rimot ɗin, sai Kunama ta bar abokiyar karawarta ta je ta kafa kai a bencin 'yan kallo.

A mota Bukar ya ce, "Yaya Habu, gyaran nan fa bai kai shan shayi ba. Ka daidaita tayar, kowa ya iya tuƙa ta."

Gaskiya ya faɗa. Da muka iso na kunna injin walda, na daɗe ina duban tayar, sannan na kashe. Idan na daidaita ta, da wace hujja zan ce wa Modu ya dawo?