Kwalbar Zumar da Na Ɗauke

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji. 'Yarki ce, ma'aikaciyar ɗakin gwajin asibiti, wadda kike tsokana da likitar abin da ido ba ya gani.

Kin tuna gwangwanin madarar nan na gidanmu a unguwar Sih, nan birnin Manzo? Duk shekara alhazan da suka sauka wurinmu, in za su koma gida, sai su bar miki ragowar kafsonsu, ki tara a cikinsa. Tari ko mura, ki haɗiye biyu, da kin ji dama-dama ki daina. Ni nake karanta miki sunayensu. Na san haɗarin sarai, amma ban zubar ba, don kina cewa ba a wulaƙanta kyautar baƙin Manzo.

Da ciwon suga ya fasa miki ƙafa, aka yi ta allura bayan allura, gyambon ko gezau. Da hannuna na shuka ƙwayar cutar a faranti, na jera mata magunguna, ta tsallake su duka. Ta riga ta saba da su tun daga kafson gwangwanin nan.

Kika roƙe ni in shafa miki zuma da garin bagaruwa, yadda Kaka take yi a Damagaram. Na ɗaga miki murya a gaban masu jinya, na ce nan ba ƙauye ba ne, na ɗauke kwalbar. Kika ce, "To, 'yar boko," kika juya fuska bango. Aka yanke ƙafar, bayan kwana tara kika cika.

Bana aka sa mu gwada zuma a kan irin ƙwayar nan mai taurin kai. Inna, inda na ɗiga ta, ƙwayar ba ta tsiro ba. Shugabanmu ya ce kada in yi saurin hukunci, faranti daban, jikin mutum daban, kuma taki ta riga ta shiga jini. Ƙila gaskiyarsa. Amma ko ba ta warkar da ke ba, da ba ki tafi da tsawata a kunne ba. Abin da ke cina ke nan.

Mu mata ba ma shiga maƙabartar Baƙi'a. Bayan shinge nake tsayawa, ban san wane kabari ne naki ba, sai in yi wa kowa sallama in ce ki yafe mini.

Allah Ya haskaka makwancinki, Ya sa jinyar ta zama kaffara, Ya haɗa fuskokinmu a Aljanna.

'Yarki mai neman gafararki,
Maryama