Zomayen Hureira a Hannun Mai Kaji

Kilomita Biyar, Bangi
Ranar Lahadi

Zuwa ga uwar 'ya'yana, Hajiya Hureira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, gajiyar hanya kuma ta sake ki. Yaya jikin 'yarmu Samira, yaya ɗan baƙon da ta haifa mana? Allah ya raya shi. Ki gaishe da mijinta da dukan surukanmu na Garwa-Bulai. Mu nan lafiya lau, sai ruwa da ake zubawa kullum bayan la'asar.

Na ba Ɗan'azumi direba wannan takarda ne saboda ban yarda da wayar Samira ba. Muryar da na aiko miki ran nan, na ji har maƙwabta an kunna wa.

Kajina goma sha tara suna nan, wake-waken nan ta ƙyanƙyashe takwas. Zomayenki kuwa, ai ba daga bakina za ki ji labarinsu ba, tunda kin naɗa musu wakili kafin ki tafi. Ina tsaye riƙe da jakarki kika leƙa ta katanga kika damƙa su ga maƙwabcinmu Malam Abdurra'uf, sannan kika juyo kika ce ni in ji da kajina. Na miƙa wa mai babur jakar, don yana jira.

To, wakilin naki yana aiki. Da an idar da sallar asuba zai yi sallama da damin ganyen dankali a kafaɗa, ya zarce wajen kejin kamar shi ya kafa shi. Ya san wadda ba ta son dusa, ya san wanda ke cizo. Farar nan da kike kira Madam, har hira yake mata da yaren Sango, irin hirar da nakan ji kuna yi ta kan katanga kuna dariya, ni da Sangona na kasuwa ina tsintar rabi. Wani abu kuma da na lura: mutumin nan turare yake sawa. Tun da ya taso daga unguwar Miskin ya tare a bayanmu, bayan rasuwar matarsa, ban taɓa jin ƙamshi a jikinsa ba sai bana. Ki gaya mini, Hajiya, wa yake shafa turare don zomo?

Ba zargi nake ba, Allah ya kiyaye. Shekara arba'in da ɗaya muna tare. Sai dai tun shekarar tashin hankalin nan, da aka kasa fita unguwa kika fara kiwon nan da guda biyu don yara su ga nama a miya, ni ne mai yanka, ni ne mai fiɗa. Na ɗauka wanda aka yarda da shi a kan wuƙa za a yarda da shi a kan ganye.

Ki ci abinci, kada aikin jego ya sa ki manta da maganinki. Na gaishe ki.

Mijinki,
Uwaisu

Kilomita Biyar
Ranar Talata

Zuwa ga Hajiya Hureira,

Bayan sallama da gaisuwa, ina fatan ke da mai jego da jariri kuna cikin ƙoshin lafiya. Na ji suna ya yi kyau, an sa masa Muhyiddeen. Allah ya sa ya taya addini.

Amsarki ta iso. Layi tara na ƙirga, huɗu a ciki na Madam ne, biyu na gaisuwa ga Malam Abdurra'uf da godiya, ni na samu ɗaya da rabi, sauran na labarin suna ne. Na isar masa da gaisuwar, ban rage komai ba.

Yanzu ga labari, kuma kada ki ɗaga murya a gidan surukai. Na sallami wakilinki. Cikin mutunci na yi, a ƙofar masallacin Kuduku bayan Juma'a. Na ce masa ya huta, mai gida yana nan da ransa. Ya tsaya yana mini lissafin kwanaki da Hausarsa mai tauri, wai Madam tana da ciki, wai nan da kwana goma a sa mata akwati da busasshiyar ciyawa, wai kada kaza, kada kaza. Na ce masa tun yana tallan burodi a Miskin nake kiwo. Ya ce to, Baba, ya hau babur. Baba fa! Shekara shida na ba shi, ko bakwai.

Da na karɓi aikin sai na ga abin da ku biyu ba ku gani ba. Dabbobin nan a kurkuku suke. Kaza da gari ya waye ake buɗe mata akurki ta fita ta sha iska, ta yi tono, da yamma ta koma da kanta. Me zomo ya yi da za a tsare shi a kan waya dare da rana? Na toshe magudanar ruwa, na rufe ƙofar zaure, na sako su tsakar gida. Hajiya, da kin ga tsalle! Har zakarana ya tsorata ya haye turmi. Da yamma nakan kama su in mayar, ban da Madam, wadda ta fi gwiwoyina gudu. Na bar ta tana kwana bayan tulunan ruwa, ta yi ƙiba, ta yi kyau. Akwatin da aka ce ban ga amfaninsa ba, kaza ma ita ke zaɓen inda za ta yi ƙwai.

Jiya na hango hular wakilin naki ta saman katanga. Na yi kamar ban gani ba, na ɗaga murya ina kiran zomayen da sunayensu. Biyu na manta, na ƙirƙira musu sababbi.

Abu ɗaya ke damuna, 'yan tsakina biyu sun ɓace. Gafiya nake zargi, kuma zan gano inda take.

Idan kin dawo za ki faɗa da bakinki wanda ya fi iya kiwo. Ki shafa mini kan Muhyiddeen.

Naki,
Uwaisu

Kilomita Biyar
Ranar Alhamis

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaishe da Samira da yaro da mutanen gida. Ina fatan kina zaune lokacin da za a miƙa miki wannan. Ni lafiyata ƙalau, kada ki tsorata, ba jikina ba ne.

Ranar Litinin da safe na ga wuri a gindin katanga, bayan tuluna, inda ƙasa ta yi laushi kamar an tona an mayar. Na sa sanda, ta shige. Na ce alhamdu lillahi, ga gidan ɓarauniyar 'yan tsakina. Na kwaso duwatsu na cusa, na kwaɓa laka na shafe bakin, har na ɗora tsohon dutsen niƙanki a kai. Na wanke hannu na sha shayi ina jin daɗin kaina.

Tun daga ranar Madam ta ƙi ci. Ta rame lokaci ɗaya, gashin ƙirjinta duk a tsige, tana ta kewaya dutsen niƙan tana tono har faratanta suka yi jini. Na kore ta, ta dawo. Na ce ƙaiƙayi ne ya kama ta, na shafa mata toka da man ja kamar yadda nake wa kaji. Kwana biyu muna haka. Allah ya sani tun daren farko zuciyata ta ce in leƙa katanga in yi tambaya, amma na tuna turaren nan da Baban da ya kira ni, na fasa.

Jiya Laraba da hantsi ta kwanta a jikin dutsen ta daina motsi, ido kawai. A nan ne na sa takalmi na zagaya. Taku arba'in ne daga ƙofarmu zuwa ta Malam Abdurra'uf, ban taɓa tafiya mai nisanta ba. Ban gama bayani ba ya riga ni fita, ko hula bai ɗauka ba. Yana ganin ƙirjinta ya ce haihuwa ta yi, gashin ta tsige ne ta yi wa 'ya'yanta shimfiɗa. Ashe zomanya idan ta samu ƙasa rami take tonawa ta haihu a ciki, ta rufe bakinsa da kanta, ta riƙa zuwa sau ɗaya a yini tana shayarwa. Ya tambaye ni ina ramin. Na nuna masa dutsen niƙa.

Da ya zage ni, Hajiya, da ya fi mini sauƙi. Muka durƙusa mu biyu a cikin caɓi muna tono da hannu, don ya ce fartanya za ta sare su. Da hannunsa ya shige har kafaɗa sai ya fara zaro su ɗaya-ɗaya, jajaye, ba gashi, kowanne bai fi babban yatsana ba. Ya jera mini su a cikin hulata. Waɗansu suna motsi. Waɗansu sun yi sanyi. Ya cusa masu motsin a cikin rigarsa, a jikin fatarsa, har suka ɗumama. Sannan ya ce in riƙe uwar, shi ya riƙa kai mata su kan nono. Na riƙe ta, zuciyarta tana bugawa a tafin hannuna, ina jin 'yan bakunan nan suna tsotso. Na kau da kai, na ce toka ce ta shiga mini ido.

Da muka gama, muka sa su a akwati da ciyawa, sai ya yi mini tayin da ya sa na zauna rubuta wannan takarda. Ya rage murya ya ce ba sai Hajiya ta sani ba. Shi zai ce miki huɗu Madam ta haifa, a cikin keji, lafiya lau, magana ta tsaya tsakaninmu maza. Da kyakkyawar niyya ya faɗa, na ga haka a fuskarsa, har na yi masa godiya.

Amma na yini ina juya abin. Wato ki dawo, ki tsaya a katanga kina yi masa godiya da Sango, shi yana kallona ta saman kanki, mu biyu mun san abin da ba ki sani ba. Ya san abincin zomayenki, ya san kwanakinsu, yanzu kuma ya riƙe mini asiri a kanki? A'a. Wannan kam ban ba shi ba. Shekara arba'in da ɗaya ba wanda ya taɓa shiga tsakanin bakina da kunnenki, kuma ba za a fara da shi ba.

Saboda haka ki ji daga gare ni. Bakwai ta haifa. Uku sun mutu, ni na rufe su da hannuna, saboda na ƙi yin tambaya. Na binne su a gindin gwanda. Huɗu suna nan, yau da safe cikinsu ya yi tim, uwar kuma ta ci ganye. Kin yi daidai da ba ki bar mini su ba, kuma ba na so ki rarrashe ni a kan haka. Faɗan da za ki yi, ki adana shi har ki iso, ki yi mini shi a ɗakinmu, ni kaɗai.

Na ce masa ya ci gaba da zuwa da asuba. Ni zan riƙa buɗe masa ƙofa, in tsaya a bayansa ina kallon yadda yake yi. Kujera dai ban ba shi ba tukuna.

Allah ya dawo mini da ke lafiya. Ki yafe wa tsohonki.

Mijinki,
Uwaisu