Rigar Gola da Na Wanke

Babana, kai Babana, kana ina ne? Sau bakwai ina kiran wayarka tun jiya, wata mata ce ke ta gaya mini wai ba a samunka. To tunda ba a samunka ga shi na rubuto, in ka ga dama ka karanta.

Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya. Ya matarka da nauyin jiki, ya kuma gwiwar nan taka ta dama da ba ka son a yi maganarta? Mu nan lafiya muke in ban da abin da ka ja mini. Babanka yana gaishe ka. Ƙanwarka ta ce ita ba ta gaishe ka, ni kuma ban ga laifinta ba.

Ka san dai shekara goma sha tara nake wanke wa ƙungiyar nan riguna. Tun kana ɗan shekara huɗu kana bi ta ƙarƙashin igiyar shanya kana goga majina a jikin jajayen rigunan mutane. Koci shida na gani sun zo sun tafi, ni ina nan da bahona. Ko safa ƙafa ɗaya ban taɓa ɓatarwa ba. Yau ni ce aka rubuta wa maciya amana da gawayi a bangon gida. Babanka ya fita da tsumma ya goge, amma in ka tsaya daga gefe har yanzu ana karantawa.

Kai ka san maganar ƙulli, amma bari in sake faɗa maka, don na lura tunda ka koma wurin masu shuɗiyar riga ka fara mantuwa. In gola ya yi wasa a gida ba a ci shi ba, rigarsa ba ta shiga ruwa. Zai ƙulle hannun rigar ya jefa a buhu, ni kuma in na ga ƙulli sai in ware ta in rataye a bayan ƙofar kicin, a mayar masa da ita da dauɗarta. Tsohon Koci ne ya kawo wannan. Ni ban taɓa yarda da shi ba, riga ba ta tare ƙwallo, amma ba a tambaye ni ba kuma ban taɓa saɓawa ba. Wasa goma sha ɗaya golanmu Kyanwa ya yi a gida bana ba a zura masa ba. Wasa goma sha ɗaya ina zaune da warin rigar nan, har babanka ya daina cin abinci a tsakar gida.

To sai wannan sabon kocin, mai yawo da allo a hammata kamar ɗan firamare, ya sallami Baban Kaya, mai kula da kayan ƙungiya, wai ya tsufa. Mutumin da ya haddace lambar takalmin kowane ɗan wasa. Kocin ya kawo ƙanin matarsa a gurbinsa, wani mai yawan turare. Shi kuma don a ga yana aiki ya bi rigunan nan ɗaya bayan ɗaya ya warware ya ninke, har da ƙullin. Kyanwa riga biyu gare shi koraye iri ɗaya, ta atisaye da ta wasa. Buhu ya zo ba ƙulli, ina fama da mura hancina a toshe, na juye a baho. Sai da ruwa ya koma kamar na kwata sannan na gane ta wasan ce na jiƙa. To me zan yi, in mayar mata da dauɗar?

Ranar Asabar kuma ka zo da mutanenka ka zura masa, aka tashi ɗaya da nema. Yanzu gari ya ɗauka da gangan na wanke don ɗana ya ci.

Ni ba riga ce ta ci mu ba. Wa ya ce wa kocin nan ya ajiye Lamba Biyar a benci? Shekara takwas mutumin nan yana tsaye a baya kamar garu, wai ba shi da gudu. To gudun me zai yi, shi da ya san inda ƙwallo za ta faɗo tun ba a buga ba? Koci ya zo ya jera mana ’yan baya uku, biyu ko gemu ba su fara ba. Kowa a garin nan ya san da ƙafar hagu kake juyawa, har mai sayar da ruwa a bakin ƙofa ya sani, koci ne kaɗai bai sani ba don ba a rubuta masa a allo ba. Da Tsohon Koci ne wallahi ko ƙanshin raga ba za ka ji ba, kuma kai ma ka sani.

Kwamiti zai zauna ranar Alhamis a kan maganata. Ka kira shugaba ka gaya masa ba wata magana da muka ƙulla ni da kai. Yana jin maganarka, shi ya kai ka gwaji da motarsa.

Ka gaida mini matarka, ka ce ta rage hawa bene.

Ni ce mamarka, kuma raina a ɓace yake.

*

Babana,

Na ga saƙonka. Layi uku, da wannan ɗan kan mai dariya har da hawaye. Ni kake aiko wa dariya? Ina fatan dai kuna lafiya. Babanka ya ce in tambayi gwiwar, na ce ai mun ga lafiyarta ranar Asabar.

Ka ce dokar ƙungiyarku ta hana ku magana da shugabannin wata ƙungiya. To madalla. Ita dokar ba ta hana ka rugowa daga can bakin raga har gaban kujerata ka durƙusa ba? Fili cike, mutum dubu nawa, ka rasa inda za ka yi murnarka sai a gaban ’yan jar riga, kana nuna ni da yatsa biyu. Wasu in sun ci tsohuwar ƙungiyarsu ɗaga hannu suke yi su sunkuyar da kai su koma tsakiya. Kai ba a koya maka wannan ba a can?

Ka kuma rubuto wai ai Mama ke ma kin yi tsalle. Wa ya gaya maka? To na yi. Ban faɗa maka a waccan takardar ba don ban ga amfanin faɗa ba. Wasa tara ka yi ba ka ci ba, ina jin masu sharhin rediyo suna cewa an yi asarar sayenka, wai gwiwarka ta gama. Kullum in na kunna sai in kashe. Da na ga ka juya ka bar yaran nan biyu suna karo da juna, ban san lokacin da na miƙe ba. Ƙanwarka ta ce har mayafi na cire ina kaɗawa. Ni ban tuna wannan ba. Abin da na tuna shi ne na waiwaya na ga ni kaɗai ce a tsaye a duk ɓangarenmu, Mai Ganga ya saki sandarsa yana kallona baki buɗe. Na zauna. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, kuma in gaya maka gaskiya zuciyata ba ta daina tsalle ba har aka tashi. Amma wannan daban, wanki daban. Tun Larabar kafin wasan na wanke rigar, ina na san za ka ci?

Jiya na je sayen sabulu, mai shagon kwana ya ce mini, Mama, na wankin ja za a ba ki ko na shuɗi? Zauna-gari-banzan da ke bencinsa suka kwashe da dariya. Na ce ba ni wanda zai wanke bakinka, in akwai. Shi da ko tikiti bai taɓa saya ba, ta katanga yake leƙe. Irin su ne masu baki yanzu. In an ci su ce mun ci, in an sha kashi su nemi tsohuwa.

Batun da ka yi na in rabu da su in huta za ka riƙe ni, na gode, Allah ya yi albarka. Amma ban ce maka yunwa nake ji ba. Ka taɓa ganin ranar Litinin a gidan nan igiya ba ja a kanta? Duk wanda ya bi ta layinmu ya san gidan da rigunan ƙungiya ke kwana. Shi nake magana a kai, kai kana maganar hutu.

Gobe ne zaman. Babanka ya ce zai raka ni, na ce ya zauna, in ya je haƙuri zai yi ta ba su.

Mamarka.

*

Babana, barka da Lahadi. Ya gida, ya mai jiki? Mun ji kun yi canjaras jiya, an ce ka ɓarar da guda biyu kai da gola. Wato mu kaɗai ka iya ci.

Na ƙi rubuto maka tun Alhamis don da na rubuta a ranar da wayar nan ta kama da wuta. A ɗakin nan na ƙarƙashin kujerun ’yan kallo aka zauna, mai warin man zafi. Kofin da muka ci zamanin Tsohon Koci yana kan kabad ƙura ta rufe shi, ba mai ko kai masa tsumma. Shugaba yana nan, da koci da allonsa, da Mai Ganga a madadin magoya baya, sai Kyanwa a can gefe.

Na faɗi yadda aka yi tun daga buhu har baho. Koci ya gyara zama ya ce shi fa bai yarda da wani ƙulli ba, camfi ne. Na ce to alhamdulillahi, ni da kai mun zama ɗaya, me ya kawo ni nan? Ya ce magana ce ta yarda. Na ce yarda da wa, da ƙanin matarka da ya kwance ƙullin? Yana ina ma, ko turaren ne bai gama fesawa ba? Shugaba ya ce Mama a yi a hankali. Mai Ganga ya ce, Mama, mu ba riga ce ta dame mu ba, mayafi muka gani a sama. Na ce kai ranar da ɗanka ya ci jarrabawa ɗan maƙwabcinka ya faɗi, kuka ka zauna yi? Ya ce wannan ba ƙwallo ba ce. Na ce haihuwa ma ba ƙwallo ba ce.

Sai na juya wurin Kyanwa na ce kai faɗa musu, ka ƙulla ko ba ka ƙulla ba, kuma wa ka miƙa wa? Babana, mutumin nan da na ɗinke wa safar hannu ya fi sau ashirin, wanda ya kwana biyu a ɗakinka lokacin da mai gidan haya ya kore shi, ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Ya saci kallon koci ya sake sunkuyawa. Na san tsoron benci yake ji, akwai wani sabon gola da kocin ke lallaɓawa. Amma duk abin da aka yi mini a makon nan wannan ya fi ci mini rai.

Sun yanke daga yanzu wani kamfani mai injin wanki zai riƙa zuwa da mota yana kwasa. Shugaba ya ce za a ba ni takardar yabo. Na ce ya rataya ta kusa da kofin, su yi ƙura tare. Da yamma mai turaren ya zo karɓar buhunan da suka rage da gwangwanin lambobin ɗinki. Na ba shi komai, har allurar. Ya tsaya yana wani ba ni haƙuri, na ce kauce mini daga kan tabarma.

Na ga kuma abin da ka rubuto, wai ƙungiyarku na neman mai kula da kaya, in dawo wurinku da zama. Kar ka ƙara. Shuɗi ba zai hau igiyata ba ko kai ne a cikinsa. Kocinku dai ya iya aiki, ba zan ɓoye ba, ya san inda zai tsayar da mutum. Amma ka gaya masa in ji ni ba ka komowa baya taimako, in ƙwallo ta ƙwace maka sai ka tsaya riƙe da ƙugu kamar mai jiran mota. Zagaye na biyu in mun zo gidanku addu’ata ɗaya ce, Allah ya ba ka lafiyar gwiwa ya hana ka raga.

Jiya ban je fili ba, karo na farko tun ranar da na haifi ƙanwarka. A rediyo na ji, ina zaune a ƙarƙashin igiya ba komai a kanta. Ka san me mai allon ya yi? Ya dawo da Lamba Biyar. Abin da nake ta faɗa tun farkon kakar wasa. Muka ci biyu da nema, masu sharhi suna ta yabon basirarsa. Basira. Na kusa jefa rediyon a baho.

Ƙanwarka ta je, ita ta kawo mini sauran labari. Wai bayan an tashi Kyanwa ya ƙulle hannun rigarsa kamar kullum, direban kamfanin ya ce shi injinsu bai san ƙulli ba, duk abin da ya shiga mota sai ya ga ruwa. Kyanwa ya fizge rigarsa, Lamba Biyar ya ce to ba mai ba da tasa, motar ta tafi ba komai a ciki. Su ta shafa. Ni na gama da su. Ko shugaba ne ya zo da kansa ya durƙusa a nan, sai an fara kiran Baban Kaya an ba shi haƙuri, sai Kyanwa ya tsaya a gaban Mai Ganga ya faɗi da bakinsa wa ya kwance ƙulli, sai an zo da fenti an shafe mini bango, ba tsumma ba, fenti. Ko an yi duk wannan ma sai na yi shawara, don ni ba

Tsaya, ana buga ƙofa. Da ƙafa ake bugawa, irin bugun wanda hannunsa biyu ke ɗauke da kaya. Babanka ya tashi zai buɗe, na ce ya zauna, ni zan je. Kuma warin nan da nake ji tun daga nan, Babana, in dai Kyanwa ne da buhun riguna kamar yadda nake zato, wallahi sai ya ji abin da bai taɓa ji ba kafin in karɓa, bari dai in