Sabon kwanon da na rufa wa Inna ya zame mana abin tsoro

Assalamu alaikum jama'ar gidan ga. Admin, don girman Allah ka cire sunana kafin ka sa, garinmu ƙarami ne. Don Allah ku ba ni shawara, wallahi tsoro nake ji irin wanda ban taɓa ji ba.

Ni ɗan Turba ne, ta ƙasar Isa, amma na daɗe a Legas, gadi nake yi a wani gidan mai. Da 'yan bindiga sunka matsa wa ƙauyukanmu, mahaifiyata, Inna, ta baro gida ta dawo cikin Isa wurin ƙanenta, Kawu. Kullum munka yi waya sai ta ce lafiya lau, ashe ɗakin ajiyar gero anka ba ta. Da na zo hutu na iske tsohuwa mai ciwon ƙafa tana kwana tsakanin buhuna, sai da na zagaya bayan gida na yi kuka.

Kun san gidaje sun yi arha a Isa yanzu, duk mai hali ya kwashe iyalinsa ya koma Sakkwato, ya bar wa gara gida. Haka na samu wani gidan ƙasa a bakin gari, ta hanyar Bafarawa, mai shi neman rabuwa da shi kawai yake. Katanga ta zube gefe guda, azara ta ruɓe, daga cikin ɗaki kana hango sama, amma akwai rijiya da darbejiya a tsakar gida, Inna na gani ta ce ga inda za ta ɗaure awakinta. Na saya.

Wajen gyara ne munka samu saɓani da Kawu. Shi ya ce in nemi tsohon kwano mai tsatsa, irin wanda ake ɓallowa daga gidajen da anka bari, magini ma ya goyi bayansa. Ni kuwa raina ya ɓaci, na ɗauka so suke su ci wani abu a ciki, na ce uwata da ta ƙare rayuwarta tana tarbar yoyo da tukwane ba za ni rufa mata shara ba. Kawu bai ja da ni ba, cewa kawai ya yi na daɗe ba na gida. Na sa anka kawo sabon kwano fari fes, na ƙara da ƙofar ƙarfe, har fenti kore na yi mata.

Bayan an gama ne na je Bafarawa ranar kasuwa. A hanyar dawowa da rana tsaka, tun muna cikin gonaki na hango wani abu na ƙyalli kamar madubi. Mai babur ya nuna da baki ya ce, "Ka ga gidan Alhajin Legas can, an ce da kuɗi ya dawo." Bai san ni ne ya ɗauko ba. Duk unguwar ba rufin da ke haske sai namu, hatta wani maƙwabci da ke da motocin kaya, gidansa kamar kango yake. Sai a lokacin na gane da gangan mutane ke barin gidajensu a lalace, don masu kai wa 'yan bindiga rahoto daji da ido suke auna mutum.

Ni wane Alhaji? Ko filin jirgi ban taɓa shiga ba. Duk abin da na tara yana bisa ɗakin nan. In sunka ɗauki Inna, me za ni ba su?

Satin da ya wuce wani dattijo da muke haɗa katanga da shi ya same ni bayan la'asar, ya ce wasu baƙin fuska bisa babur sun tsaya wurin mai shayi, sun tambayi gidan wa ne mai sabon kwano, kuma mai gidan a ciki yake kwana ko tsohuwar ce kaɗai. Ya roƙe ni don Allah in yi wani abu, don in sun zo ba gidanmu kaɗai za su shiga ba. Tun daga ranar matan unguwa sunka daina zuwa ɗiban ruwa rijiyarmu, ni kuma ko babur ya gifta ƙofar gida sai in leƙa in ga ko wa ne.

Na hau sama na shafe kwanon da laka, ruwan farko ya wanke shi tas, ya fi da ƙyalli. In ce in ɓalle shi, damina ta kama, gidan ƙasa ba rufi narkewa zai yi, kuma Kawu ya ce ko na ɓalle suna ya riga ya fita. Na nemi mai saye, wanda duk ya ji wane gida ne sai ya ce Allah shi kyauta.

Babbar matsalar ita ce Inna. Na roƙe ta ta koma gidan Kawu ko ta bi ni Legas, har faɗa munka yi, abin da ban taɓa yi da ita ba. Ta ce ta gudu sau ɗaya, ta bar rumbunta da kabarin mijinta, ba ta ƙara gudu, in kwananta ya ƙare gara ya ƙare a ɗakinta. Na gaya mata maganar masu babur, ta ce wa zai ɗauki tsohuwa da ba ta iya hawa babur ma. Ni kuwa na san waɗanda sunka fi ta tsufa da anka tafi da su.

Ga shi hutuna ya ƙare, oga ya kira ya ce in ban koma ba zai ba wani gadin. In na zauna ba aiki, kuma ni ne Alhajin da ake nema. In na tafi na bar ta ita kaɗai, kuma abin da sunka tambaya ke nan.

Yanzu haka da nake rubutun ga tana gindin katanga tana shuka kuɓewa, ta ce in na dawo babbar sallah za ni sha miyarta. Don Allah waɗanda sunka san yankin ga ku gaya mani gaskiya, in ɗauke ta da ƙarfi tana kuka tana jin haushina, ko in bar ta da kuɓewarta in hau mota? In taku uwar ce, ya za ku yi?