Takalmin da Ka Bari a Gindin Dutse

Ammariyya, Jidda, bayan Hajjin bana

Zuwa ga Yaya Haruna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ka da rai da lafiya. Na sa rai a gaba don ban sani ba. Na kwafe ta da yawa, na rarraba wa alhazan Fatani, mutanen kudancin Siyam, masu komawa gida. Ba za su iya karanta ta ba, don da Hausa take. A duk ƙasar Siyam, in ba kai ba, ban san mai iyawa ba.

Ka san halina, ba na faɗin magana sai na juya ta. Ranar nan shekaru nake juya ta, har yau akwai wuraren da ban yarda da idona ba. Bari in faɗi abin da na gani, in na yi kuskure ka zo ka gyara.

Jirginmu ya sauke alhazai a wancan ƙaramin garin bakin teku, aka ba ma'aikata hutun wuni. Kai kana ɗakin girki, ni ina wajen kaya. Tun daga kan jirgi kake hangen dutsen, da farin gini mai tsini a bisansa. Ka ce, "Yalla Usmanu, mu je mu ga abin da suke bauta wa. Gani kawai za mu yi."

A gindin matakala wata tsohuwa ta nuna ƙafafunmu. Muka tuɓe takalma kamar za mu shiga masallaci. Dutsen ya yi zafi, muna hawa muna ɗingishi, kana dariya. Birai ko'ina, a kan bango, a kan rassa, suna cire wa juna ƙwarƙwata, ba su ko matsa mana ba.

A sama akwai gunkin Buda a zaune, ruwan zinariya, ido a lumshe. Masu ibadar wurin, kai a aske, mayafi ruwan lemo, suna shara. Iska tana kaɗa ƙananan ƙararrawa. Ka nuna mini jirginmu can ƙasa, bai fi ɓawon gyaɗa ba. Wannan ne gani na ƙarshe da na yi wa fuskarka cikakkiya.

Sai wata biranya ta diro daga rufi ta fizge hularka.

Mutanen wurin, in biri ya ɗauke musu abu, ayaba suke miƙa masa ya saki. Daga baya na sani. Kai kuwa a Maiwurno ta Sudan ka tashi, kana tsaron dawa tun kafin Baba ya ƙetaro da mu Hijaz. Biri a wurinka ɓarawon gona ne. Ban ga lokacin da ka sunkuya ba. Hannunka ya riga ka.

Ta juya, dutsen da ka jefa ya sami ɗan da ke maƙale a ƙirjinta. Ƙarar kamar an fasa ƙwai.

Masu shara suka tsaya. Ta ɗaga ɗan, ta girgiza shi, kansa yana reto. Sannan ta yi wani kuka, dutsen gaba ɗaya ya amsa.

Ƙaton cikin biran ne ya fara isowa. Ya kama bayan cinyarka, ka durƙusa. Sauran suka rufe ka, ban ƙara ganin rigarka ba sai gashi da wutsiyoyi. Na ga ka damƙo ɗaya ka buga shi da bango. Na ga wani ya ja da baya da wani abu a baki, yana tauna. Kunnenka ne. Na kama ka ina ja, ɗaya ya kafa haƙori a wuyan hannuna har na ji ya taɓa ƙashi. Muka gangara matakala tare, jini ya sa ta santsi, ga ƙafa ba takalmi. Ina tsammanin na yi salati. Ban tabbata ba, watakila ihu kawai nake yi.

Wani tsoho cikin masu mayafin ya sauko yana dukan farantin ƙarfe da tsintsiya. Ko biri ɗaya bai doka ba. Ya shiga tsakiyarsu ya tsaya a kanka, suka dare. Ya yage mayafinsa ya ɗaure cinyarka. Bai dube ka da fushi ba, kuma bai dube ka da tausayi ba. Biranyar tana kan bango da gawar ɗanta, hularka a ƙarƙashin ƙafarta.

Masunta suka ɗauke ka a cikin taru zuwa asibiti. Ni na bi baya da takalma biyu-biyu a hannu, ban san ma na ɗauko su ba.

Likita ya ce ba za ka iya tafiya ba, ga ɗinki, ga allurai na kwanaki. Kyaftin ya ce jirgi ba ya jiran kuku. Na ce zan zauna. Ka buɗe idon da bai kumbura ba, ka ce, "Halas, ya isa. Inna ba za ta rasa biyu ba. Tafi."

Na tafi. Jirgin bai sake komawa can ba. Asibitin suka amsa mini sau ɗaya, cewa ka warke an sallame ka. Iƙamarka, takardar izinin zamanka a nan, ta mutu a hannuna.

Yanzu a mina, tashar jiragen ruwa, nake aiki, duk Bafatanen da ya sauko sai na tambaye shi. Bana wani dattijo ya ce ya san baƙin mutum mai kunne ɗaya, yana gyaran taru, yana salla a masallacin masunta, kuma da safe yakan hau dutsen da damin ayaba. Larabcinsa kaɗan ne, nawa zumuɗin mai yawa. Ba mamaki abin da nake son ji ya faɗa mini. Amma na kasa barci.

Yaya, in kai ne, me ya riƙe ka? In kunyar fuska ce, Inna ba ta gani yanzu. In takardu ne, ka shigo cikin alhazai, sauran nawa ne. In ɗan birin nan ne, ban san hukuncinsa ba, amma ayabar shekarun nan ai ta isa.

Inna ta rame ƙwarai, ko tsakar gida sai an riƙe ta. Dangi sun so a yi maka sadaka ta mamaci, ta ce duk wanda ya dafa shinkafar shi zai cinye ta. Takalmanka suna bakin ƙofarta. Kullum sai ta laluba ta ji suna nan. Ba na jin za ta ga wani Hajjin, ban kuma iya rantsewa za ta kai azumi ba.

Da na gaya mata zancen dattijon, na roƙe ta takalman in aika maka don ka gane saƙon daga gida yake. Ta daɗe tana shafa su. Sai ta miƙo mini na hagu, ta tura na dama ƙarƙashin matashinta. Ta ce, "Ya zo ya karɓi ɗayan da kansa."

Na hagun yana hannun dattijon.

Allah Ya sa ya same ka. Allah Ya yafe mana abin da hannu ya yi kafin zuciya ta sani, Ya saka wa tsohon nan da ya yage mayafinsa, Ya ara wa Inna kwana har ka yi sallama a ƙofarta. Amin.

Ƙaninka,
Usmanu